Amsa ga yarona kan fara koyon Haskell

Ka tambaye ni ta ina ɗalibi zai fara koyon rubuta manhaja a tsarin fankshin (ɗan guntun umarni da ake ba shi abu ya dawo da amsa), da kuma harshen rubuta manhaja da ya fi dacewa tsakanin Haskell da Scheme. Ba zan ɓata bakina kan saukar da GHC (manhajar da ke fassara wa kwamfuta rubutun Haskell) ba, domin wanda ya kasa wannan ba shi da abin yi a shagona. Ku yaran yanzu sunaye kuke so a jera muku, alhali John McCarthy ya ƙirƙiro Lisp, harshen da Scheme ya samo asali daga gare shi, tun 1958, Haskell kuma ya fito a 1990, kuma dukansu ba sa amfanar wanda bai gane cewa a wannan tsari ba a goge ƙimar da aka rubuta, sabuwa ake samarwa ba.

Wani dillalin atamfa ya taɓa sa ni rubuta masa manhajar bashi, ya nace a bar gurbi guda ga kowane abokin ciniki, a riƙa goge tsohon adadi ana ɗora sabo. Na nuna masa haɗarin haka, ya ce ai kuɗinsa ne, ya ba ni rabi kafin alƙalami. Ashe ƙanin matarsa da ke tsaron shagon yana rage wa abokansa bashi idan an tashi kasuwa. Da lissafi ya ƙi daidaita, sai mutumin ya tara jama'a a bakin rumfarsa, yana ɗaga takardun da na buga masa, yana cewa manhajata ce ta cinye masa dukiya. Ya san ɓarawonsa sarai, amma ni ba ni da hujja, tunda adadin jiya ya riga ya ɓace. Ya hana ni cikon kuɗina, ya ɓata mini suna a layin gaba ɗaya, kuma har yau ban yafe ba.

Da kowace shiga da fita tana ajiye a jerin da ba a taɓawa, fankshin ɗin foldr yana naɗe shi ya fitar da jimilla, da ragin yaron ma ya fito a matsayin sabon layi mai kwanan wata. Haskell yana tilasta maka wannan tarbiyya, domin tsarkakakken fankshin amsa ɗaya yake bayarwa duk lokacin da aka ba shi abu ɗaya, kuma duk abin da zai taɓa fayil ko allo sai ya bayyana a nau'in IO, wato alamar shigar da bayani da fitar da shi.

Saboda haka ka ɗauki Haskell, ka rubuta mini littafin bashi da map (mai yi wa kowane abu a jeri aiki ɗaya), filter (mai tace jeri) da foldr kawai. Kada ka kawo mini maganar monad, tsarin da ake jera ayyukan IO da shi, tukuna, kuma idan daga intanet ka kwafo, zan gane tun daga layin farko.