Tambayi Bakanike: Dabarar da aka yi wa kulocin AC ɗina za ta kai ni damina?

Tunda zafi ya shigo saƙonnin da ke zuwa wannan fili kusan duk na AC ne, kuma mafi yawansu akan kuloci suka tsaya, wato faifan nan na gaban kwamfiresa (injin da ke matsa gas ɗin AC) da kake jin yayi "ƙas" in ka kunna sanyi. Na zaɓo uku da suka haɗa abinda sauran ke tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ina da Honda Accord 2004, wadda ake cewa EOD. Da safe AC ɗinta kamar ƙanƙara, amma da rana tayi ko na shiga gosulo sai ta koma huro iska mai ɗumi, in na buɗe bonet na ɗan ƙwanƙwasa gaban kwamfiresa da sanda sai ta kama. Mai gyarana ya kwance faifan ya cire wata 'yar washa, sanyi ya dawo, ko gas bai taɓa ba. To maƙwabcinsa kuma yace min wai aikin wucin gadi ne, ba zai kai sati biyu ba, in sayi kwamfiresa ɗan Beljiyam kawai in huta. Wa zan bi? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ka riƙe mai gyaranka da hannu biyu, abinda yayi maka shine daidai, kuma haka yake a littafin masu motar. Amma kafin komai don Allah ka daina ƙwanƙwasawar nan inji na tashe, bel baya jira, hannun riga ko bakin babbar riga kaɗan zai kama ya jawo mutum.

Kulocin AC abu uku ne a haɗe. Akwai fuli da bel ke juyawa kullum muddin inji na aiki, akwai kwayil a bayansa wanda in wuta ta shige shi yake zama mayen ƙarfe, sai faifan gaba da ke ɗaure jikin shaf ɗin kwamfiresa. Tsakanin faifan da fuli akwai 'yar tazara, a irin motarka wajen rabin milimita ce, yawancin motoci dai tsakanin 0.3 ne zuwa 0.8. Duk sanda ya kama ya saki yana ɗan cin fuskar ƙarfen, shekara da shekaru, har tazarar ta buɗe ta doshi milimita 1. To kuma wayar tagulla da ke cikin kwayil in tayi zafi wuta bata ratsa ta kamar da, daga digiri 20 zuwa 100 turjiyarta na ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100, ƙarfin jan sai ya ragu. Shi yasa da safe yake iya jawo faifan, da azahar a Sakkwato cikin Afrilu ana sama da digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet, sai ya gaza. Sandar da kake sa masa tura faifan take kusa ya ƙarasa da kansa.

Waɗannan 'yan washoshin dama don daidaita tazarar aka sa su tun daga kamfani. Cire ɗaya ko canza ta da siririya ya maido da faifan inda yake tun farko, kuma ka duba lissafin da kanka, motar 2004 ce, sai da ta shekara kusan 20 kafin ta cinye wannan ɗan abin, ta yaya za ta sake cinye shi a sati biyu? In kwayil lafiya lau yake, boris baya kuka, wannan gyaran shekaru yake yi. Sharaɗin kawai a auna. Akwai 'yan siraran ƙarafan nan na auna tazara, irin waɗanda ake saita bawul da su, a zura a wuri uku zagayen faifan. In aka matse da yawa faifan zai riƙa gogar fuli ko AC a kashe take, yayi zafi, ya narkar da giris ɗin boris ya ƙona kwayil, kaga an gudu ba a tsira ba. Ka kashe mota ka juya faifan da hannu, in kaji yana ƙarta to a koma a ƙara siririyar washa. A kuma sa mita a kwayil, mai lafiya yakan nuna om 3 zuwa 5.

Inda maganar maƙwabcin nasa za ta yi gaskiya shine da wata dabarar aka yi maka. Akwai masu ƙyuyar kwance faifan, sai su cusa guntun gwangwani ko roba ko waya a ƙarƙashin sifirin ɗinsa don su tura shi ciki. Yana aiki fa, ban ce baya yi ba, mutum na hanya a Gusau ko Funtuwa ya samu a yi masa haka ya isa gida da iyalinsa cikin sanyi, ba laifi. Amma abu ne da ke juyawa sau dubbai a minti cikin zafi da ƙura, roba tana bushewa ta karye, gwangwani yana lotsewa, ɗaya ya fice ya bar sauran faifan ya karkace ya fara cin gefe guda. Wani ya kai ƙarshen bazara, wani ko wata baya yi, ba mai iya yi maka alƙawari akai. Ni a wurina wannan na isa gida ne kawai.

Abu ɗaya da zai iya ɓata maka gyaran mai kyau shine mai. In kaga fuskar faifan ta jiƙe tayi baƙi da danƙo, sil ɗin shaf ne ke yoyo, kuloci zai riƙa sulɓi komai kyan tazara, kuma gas ma ta nan yake bi. In a bushe yake, kuɗin kwamfiresa ka bar su a aljihunka.

Tambaya: Injiniya ina wuni. Corolla 2005 gare ni, AC ta daina kamawa, mai wayarin yace a yi mata dairek, ya jawo waya daga batir ya sa min wani ɗan makunni kusa da sitiyari. Sanyi kam yana zuwa, amma maigidana hankalinsa bai kwanta ba. Zai daɗe? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, kuma gaskiya na wurin Alhaji. Wannan aikin na dairek yana ci min rai wallahi, don kulocin zai daɗe yana kamawa, kwamfiresan ne zai mutu. Motar ba haka kawai ta ƙi ba wa kuloci wuta ba, akwai dalili, ko dai rile (ɗan makunnin da ke kai wa kuloci wuta) ko fis ya lalace, wanda abu ne ƙarami mai araha, ko kuma makunnin da ke gadin ƙarfin gas ne ya ga gas yayi ƙasa ko yayi sama fiye da kima ya yanke. Man da ke shafe cikin kwamfiresa tare da gas ɗin R134a yake zagayawa, in gas ya zube mai baya dawowa, sai ya riƙa juyawa a bushe. Wayar da aka jawo daga batir bata san duk wannan ba. Kwamfutar motar ma bata san an kunna AC ba, don haka ba lallai ta tada fanka ko ta ɗaga sulo ba, ki tsaya a gosulon Kawo fanka a kashe kwandensa (wanda ke gaban lagireto yana huce gas) na dahuwa. Sannan na'urar da ke yankewa kada ƙanƙara ta toshe cikin dashbod ita ma an tsallake ta. In kuma kika manta makunnin a kunne, kwayil na jan amfiya 3 zuwa 4, da safe batir ya kwanta.

Kuma Hajiya in kwamfiresa ya ci kansa ba shi kaɗai yake tafiya ba, garin ƙarfe yake watsawa cikin bututu, sai an wanke layi, an canza diraya (matatar da ke tsotse danshin gas) da bawul, sau da yawa har kwandensa, in ba haka ba sabon da za a ɗaura shima ya bi sahu. Ki sa a cire wayar nan cikin satin nan, a kai wa mai AC ya ɗaura geji ya ga ƙarfin gas, a gwada rile da fis. Haka nan in aka ce miki ɗan fis ɗin zafi da ke cikin kwayil ne ya tsinke za a haɗe shi da waya, ki tambaya me ya sa shi zafi har ya tsinke tukuna.

Tambaya: Oga, kulocina ya ƙone gaba ɗaya, abokan aiki a tasha sunce in sa a yi masa walda da fuli ya zama ɗaya. Ina jigila Kano zuwa Maiduguri. Daga wani direban haya.

Amsa: Ɗan'uwa kar ka yarda. In aka yi walda babu sauran kashewa, daga ka murza ki kwamfiresa na aiki har ka kashe mota, ko gas akwai ko babu, ko hunturu ne. Zafin waldar kansa yana kashe boris da sil. Ranar da kwamfiresa ya cije kuma babu abinda zai saki, bel ne zai tsinke, kuma a motoci da yawa bel ɗaya ne ke jan oltaneta da famfon ruwa da fawa sitiyarin, ka duba ka ga kanka tsakanin Potiskum da Damaturu da fasinja cike da mota, sitiyari ya sandare inji na obahitin. Ran mutane ne a hannunka.

Kuloci ana canza shi shi kaɗai, fuli da kwayil da faifai, kuma a motoci da dama ko gas ba sai an zubar ba in akwai wurin sa hannu. Ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon naka a hannu, ka duba lambar da ke jikin kwamfiresan ko Denso ne ko Sanden, ka ƙirga layukan fulin su zo daidai da bel ɗinka, ka juya boris ɗin a kunnenka, a sa mita a kwayil a gabanka kafin ka biya. In kuɗin basu samu ba yanzu, a zare soket ɗin kwayil ka sauke gilas, amma sai in boris ɗin fulin shiru yake, in yana kuka a fara canza shi ko a nemo gajeren bel da zai tsallake kwamfiresan in motarka na karɓa.