Amsa kan tsofaffin kafet na Farisa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake ajiye tsohon kafet na Farisa a gidan adana kayan tarihi, alhali abin takawa ne. Bari in ba ka misali guda, Kafet ɗin Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan.

An saƙa shi ne a Iran, wato Farisa, zamanin sarkinta Shah Tahmasp, kuma a jikinsa akwai shekarar 946 Hijira, wato 1539 zuwa 1540, tare da sunan Maksud Kashani, wanda ake zaton shi ya jagoranci aikin. Tsawonsa ya haura mita 10, faɗinsa ya ɗan wuce mita 5. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙullinsa: kusan miliyan 26, kowanne da yatsu aka ɗaura zaren ulu a kan zaren siliki, aka yanke, aka matsa na gaba. Ka duba tsakiyarsa, wani zagaye ne ruwan ɗorawa kamar rana, furanni sun kewaye shi a kan shuɗi mai duhu, ga fitilun masallaci biyu a rataye, ɗaya ta fi ɗaya girma. Babu hoton mutum ko dabba ko ɗaya, abin da ya dace da hubbaren Shehu Safiyuddin da ke garin Ardabil a Iran, wanda ake danganta kafet ɗin da shi.

Yana da tagwai a Los Angeles, wanda aka yanki sassansa don gyara wannan.

In kana son gane kafet saƙar hannu, juya bayansa. Zanen zai fito sarai, ƙullin kuma ba zai zo daidai-wa-daida kamar na inji ba.