Tambaya da Amsa: Dogon Yaron Ƙofar Gida da Injin Yankan Itace

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Akwai tsohon dogon yaro a ƙofar gidana wanda mahaifina ya shuka. Yanzu wani babban reshensa ya karkato kan katanga da kwanon ɗakin baƙi, wani kuma ya shiga tsakanin wayoyin wuta, ga shi damina na ƙaratowa. Wani matashi a unguwa ya ce zai sare mini da gatari ba tare da na biya shi ba, in dai zan bar masa itacen, kuma zai jira sai an ɗauke wuta. Shin in ba shi aikin?
Magidanci daga Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, kada ka ba shi, kuma maganar jiran ɗauke wuta ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo, sannan ko layin a kashe yake, janaretan maƙwabci da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya mayar da wuta cikin waya. Ɗanyen reshe cike yake da ruwa, don haka yana ɗaukar wuta ya kai ta jikin wanda ke riƙe da shi. Idan kuwa wayoyin manyan layuka ne, irin na kilovolt 11 ko 33 da ke saman falwaya, ba sai an taɓa su ba, domin wuta tana tsallakowa idan aka matsa kusa. Abin da ake koya wa ma'aikata shi ne wanda ba aikinsa ba ne ya bar tazarar aƙalla mita 3 tsakanin waya da jikinsa da kayan aikinsa. Reshen da ya riga ya shiga waya ya fi ƙarfin mai gida. Ka je ofishin Kaduna Electric, tunda su ke da rarraba wuta a Sakkwato, ka nemi su kashe layin su tsaya a wurin har a gama.

Shi kuma reshen da ke kan kwano, matsalarsa nauyi ce, kuma ido yana ruɗin mutum a kai. Ɗanyen reshe mai kaurin santimita 30 da tsawon mita 2 kacal ya fi buhun siminti biyu nauyi, to ina ga wanda ya miƙe mita 5 ko 6 da ƙananan rassansa da ganyensa. Na taɓa tsayawa ina kallon irin wannan aiki a wata unguwa. Yaron ya jingina tsani a jikin reshen da yake sara, ya hau da silifas, ya dinga sara daga sama. Da reshen ya kusa yankewa sai ya tsage da kansa, bakinsa ya daki ƙasa, gindinsa ya dawo baya ya ture tsanin. Allah ya kiyaye, karayar hannu kawai ya samu, amma ɓawon bishiyar ya saɓule har kusan ƙasa, kuma ta wannan tabon gara ta shiga.

Wanda ya san aiki ba ya sauke irin wannan reshe a sara ɗaya. Yakan fara rage ƙananan rassa daga baki, sannan ya ɗaure kowane guntu da igiya da aka ratayo ta wani reshe mai ƙarfi na sama, abokin aikinsa a ƙasa yana sassautawa a hankali har ya sauka. Idan ya zo kusa da gindi sai ya yi yanka uku. Na farko daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, ya shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, domin shi ke hana ɓawo saɓulewa. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, shi ke sauke nauyin. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke zagaye gindin reshe kamar wuyan riga, ba tare da an taɓa kumburin ba, saboda daga nan bishiya ke rufe rauninta. Duk tsawon aikin, mai hawa yana ɗaure da igiyarsa ta daban a jikin bishiyar, ba ta sauke itace ba.

Akwai kuma abin da ya sa ba na son cinikin a biya da itace. Wanda ladansa itace ne, ribarsa tana cikin yawan abin da ya sare, saboda haka za ka dawo daga masallaci ka tarar an aske bishiyar mahaifinka ƙwal, an bar gungume tsaye. Dogon yaro zai sake tohowa, gaskiya ne, amma rassan da ke fitowa bayan irin wannan aski suna da raunin gindi, su ne iskar farkon damina ke karyawa bayan 'yan shekaru. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda. Ka biya kuɗi, ka nuna rassan da kake so a cire, ka kori yara daga layin, ka kawar da babura. Idan kuma bishiyar ta bakin titi ce, sai ka fara tuntuɓar malaman daji kafin a ɗora mata ƙarfe.

TAMBAYA: Malam, na yi shekara biyu ina yaron wani mai injin yankan itace, ina ɗaukar masa fetur da jan igiya. Yanzu na tara kuɗi ina son in sayi nawa injin. Maigidana ba ya sa komai in ban da hula, kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Me ya kamata in saya, ganin kuɗin ba su da yawa?
Matashi daga Bodinga

AMSA: Ƙanena, Allah ya sanya albarka a cikin nemanka. Maigidanka ya faɗi gaskiya rabi, domin an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ka lura da shi idan ana hira, ko yana yawan cewa a maimaita masa magana. Ƙarar wannan inji ta haura desibel 100, alhali jin mutum yana fara lalacewa idan ya daɗe cikin ƙarar da ta kai 85, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne shi ne mafi araha a cikin kayan, shi ne kuma aka fi rainawa.

Wajen sayen injin, sunan da aka rubuta a jiki kada ya ruɗe ka. Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin su ne sanannu, shi ya sa ake yawan kwaikwayonsu. Ka sa a tayar da shi a gabanka, ka tura makarin da ke gaban hannun hagu. Idan sarƙar ba ta tsaya cak nan take ba, birkinsa ba ya aiki, ka ajiye musu abinsu ko da rabin kuɗi ne. Dalilin birkin shi ne wannan: idan saman bakin takobin injin, wato faffaɗan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, ya taɓa itace ko wani abu mai tauri, injin yana zabura ya yo sama wajen fuska da kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Sarƙar tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba yanka take yi irin na wuƙa ba, yagar nama take yi. Shi ya sa ake riƙe injin da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ba a yanka da bakinsa, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a kuma hawa tsani da shi. Wajen tayarwa ka ajiye shi a ƙasa ka taka mariƙin baya. Tayar da shi a iska da hannu ɗaya, da wasu ke yi don burga, ka bar musu.

Bayan abin kunne, ka sayi hular kwano da tabarau da safar hannu da takalmi mai bakin ƙarfe. Akwai wando na musamman da aka cusa wa zaruruwa masu tsawo, waɗanda ke cukuikuye sarƙar su tsayar da ita idan ta taɓa ƙafa. Yana da tsada da zafi, amma ka sa shi a lissafin abin da za ka saya da kuɗin ayyukanka na farko. Riga mai faɗin hannu da rawani da carbi a wuya ba su da wuri a bakin aiki.

Game da mai, injunan nan suna shan fetur da aka gauraya da mansu na musamman, yawanci kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5, amma ka duba abin da kamfanin ya rubuta. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda ake zuba wa sarƙa don araha, yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da ke cinye takobi da famfon mai. Magagari kuwa kada ya bar aljihunka. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya kuma gari take fitarwa, sai ka ga mutum yana danna injin da ƙarfi, a nan ne hannu ke kuɓucewa. Bishiyoyin cikin gari suna dakushe sarƙa da wuri saboda ƙasar da gara ke shafewa a ɓawo, da ƙusoshin da mai shayi ko mai allon talla ya buga shekaru da suka wuce har itace ya haɗiye su.

Idan kayar da bishiya gaba ɗaya ne, ka zagaya ta tukuna ka ƙwanƙwasa ka ji ko tana da kogo, ka ɗaga kai ka duba busassun rassa da amya da gidan rina, musamman a kuka da gawo da tsamiya. Ka share hanyar gudu ta baya a karkace, ka nisanta mutane ninki biyu na tsawon bishiyar. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka fara da sassafe ka sauka kafin azahar, balle in ana azumi. Kada ka je aiki kai kaɗai. Idan aka yi rauni, a danne wurin da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, kada a zuba fetur ko toka, a kuma nemi allurar tetanus. Wanda ya faɗo daga sama kada a ciccibe shi a kan babur, a kwantar da shi a kan abu mai tauri ba tare da an lanƙwasa wuya ko baya ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko.

TAMBAYA: Muna da mangwaro uku a gida. Yaushe ya fi dacewa a rage musu rassa, kuma gaskiya ne ana shafa baƙin mai a wurin da aka yanke?
Uwargida daga Mabera

AMSA: Hajiya, a bari sai an gama cire 'ya'yan, domin sabon tohon da zai biyo baya shi ne zai yi furen baɗi, kuma in an yanke dab da lokacin fure an yi asarar shekarar. A fara da busassun rassa da waɗanda ke gugar juna, a buɗe tsakiya kaɗan don iska da rana su shiga. Baƙin mai da fenti ba sa warkar da bishiya. Binciken Alex Shigo, masanin bishiyoyi ɗan Amurka, ya nuna cewa bishiya tana killace rauninta da kanta daga ciki, shafe-shafen kuwa ba sa hana ruɓa. A yi amfani da zarto mai kaifi maimakon adda, domin yankan ya fita sumul, kuma mai aikin ya sa riga mai dogon hannu, saboda ruwan da mangwaro ke fitarwa yana ƙona fatar wasu mutane.