Tambaya da Amsa: Wa Za a Fara Gaya wa a Ƙauye?

Tambaya: Ni jami'in lafiya ne a ƙaramar hukuma. Duk lokacin rigakafi mukan je wurin mai unguwa da liman, a yi shela, amma fitowar mata da yara ba ta taka kara ta karya ba. Na ji masana zamantakewa suna da hanyar gano wanda ya kamata a fara gaya wa. Yaya abin yake? — Jami'in lafiya, Jihar Jigawa

Amsa: Malam, kada ka daina zuwa wurin mai unguwa da liman, don ba a shiga gari sai da yardarsu. Sai dai mai ba da izini daban, mai yaɗa labari daban. Abin da ka ji shi ne nazarin alaƙar jama'a: a gano wa ke shiga gidan wa, wa ke aro wurin wa, sannan a duba ta inda magana ke bi.

An gwada wannan a jihar Haryana ta Indiya, a aikin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu da aka wallafa a 2019. Ba su zana taswirar kowa da kowa ba. A kowane ƙauye sun zaɓi gidaje 17 ta hanyar ƙuri'a, suka tambaye su: idan za a yi wani biki ko wasa a garin nan, wa za a gaya wa labari ya game gari? Mutum 6 da sunansu ya fi fitowa aka riƙa tuna musu ta waya duk wata cewa su yi wa mutane maganar rigakafi. Yaran da ake kawowa allura a irin waɗannan ƙauyuka sun zarce na ƙauyukan da aka ɗauki mutum 6 da ka da kusan kashi 22 cikin 100.

Idan za ka kwatanta a yankinka, raba tambayar gida biyu. Inda ake kulle, labarin mata ba ya bi ta majalisar maza. Yana bi ta gidan suna, da adashe, da mai kitso, da ungozoma, da yara masu talla. Mace ce za ta shiga ta tambayi mata. In ka tura maza kawai, sunayen maza za su kawo maka, alhali uwa ce ke goya yaro zuwa asibiti. Kuma kada a ce "wa kuka fi girmamawa?" Amsar za ta mayar da kai gun masu sarauta da ka riga ka sani.

Tambaya: Muna koya wa manoma haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki. Kowa ya ji labarin, amma masu yi kaɗan ne. Ko mu ma masu yaɗa labari za mu nema? — Malamar gona, Tawa, Nijar

Amsa: A'a, Hajiya, taki matsalar daban ce. Jin labari baki ɗaya ya isa. Amma manomi ya kwashe rani yana haƙa ramuka a fako yana zuba taki, wannan sai ya gani a gonar mutum biyu ko uku da ya yarda da su.

A Malawi, Lori Beaman da abokan aikinta sun gwada wannan a ƙauyuka 200, da dabarar shuka a rami mai kama da tassa. Manoma 2 aka horar a kowane ƙauye. Inda malaman gona suka zaɓa yadda suka saba, kusan rabin ƙauyukan babu wanda ya kwaikwaya har bayan shekara 3. Inda aka zaɓi mutum biyun da abokan hulɗarsu suka haɗu, wato mutane da yawa sun san su duka biyun, dabarar ta fi kamawa. Don haka kada ki warwatsa manoman gwaji, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, da sunan adalci. Tara su a unguwa ɗaya ko cikin masu gayya ɗaya. Ki kuma guji ɗaukar mai hali kaɗai: ƙaramin manomi zai ce ai shi yana da shanu da kuɗin ƙwadago.

Tambaya: Ina digiri na biyu, ina son zana taswirar alaƙar wani ƙauye. Ta ina zan fara? — Ɗalibi, Zariya

Amsa: Fara da ƙidayar gidaje, ka ba kowane gida da kowane baligi lamba. Wannan ne aikin da ɗalibai suka fi rainawa, shi ne kuma ke kayar da su. Ƙauye guda zai iya samun Musa goma; in ba ka haɗa da sunan uba da laƙabi da unguwa ba, kwamfuta za ta dunƙule su mutum ɗaya, ta ba ka wani shahararre da babu shi a duniya. Matar da ba ta faɗin sunan miji ko ɗan fari saboda alkunya, tambaye ta gidan, ka cike sunan daga ƙidayarka.

Kada ka tambayi "su wa ne abokanka?" Tambayi abin da ake yi. A binciken ƙauyuka 75 na jihar Karnataka ta Indiya, wanda sakamakonsa kan bashin ƙananan jari ya fito a 2013, an tambayi mutane wurin wa suke aron shinkafa ko kananzir, wa suke ranta wa kuɗi, wa suke neman shawararsa, gidan wa suke ziyarta. Tambaya huɗu ko biyar irin waɗannan sun ishe ka. Kada ka ƙayyade suna uku kacal, don hakan na datse masu jama'a.

Gidaje 200 na nufin alaƙa 19,900 mai yiwuwa, saboda haka a jera bayanin layi-layi: lambar mai magana, lambar wanda ya ambata, irin alaƙar. Manhajojin kwamfuta irin su Gephi ko igraph za su zana maka, duka kyauta ne. In rabin gidaje kaɗai ka tambaya, lissafin waye ke tsakiya zai karkace, musamman mutanen da ke haɗa rukuni da rukuni, kamar dillali ko matar da aka auro daga rugar Fulani.

Wajen fassara sakamako kuma ka yi hattara. Ganin abokai sun yi abu iri ɗaya ba ya nuna ɗaya ne ya ja ɗaya. Mai yiwuwa tun asali halinsu ɗaya shi ya sa suke tare. Rarrabe wannan sai da gwaji na ƙuri'a, ko bibiya na tsawon lokaci.

Taswirar da ke nuna wa ke bin wa bashi tana iya haddasa rigima. Nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, ka ajiye takardar sunaye dabam da bayanan, kuma ko hakimi ne ya nema, mai lambobi za ka nuna masa.