Ana cutar da bawan Allah a gabanki, kawu ya ce ki kama bakinki

"Salam Anti. Ina aikin kula a wani gida a Ingila, mutum shida ne a ciki, duk manya ne masu lalurar da ke hana su fahimta da koyon abu kamar kowa, wasu ma ba sa magana. Da dare mu biyu ya kamata amma yawanci ni kaɗai ake bari. Akwai wani saurayi da in ya fara ihu sai babbarmu ta ɗura masa maganin barci ta kulle shi a ɗaki kafin ta tashi, na ga tabo a damtsensa, kuma da safe a ce in sa hannu wai ya kwana lafiya. Bizata a hannun kamfanin take, fam 12,000 aka ba ejen kafin na samu CoS, takardar da kamfani ke bayarwa a nemi biza da ita, kawuna ne ya ranto. Da na gaya masa sai ya ce ba abin da ya kai ni ba ne, in yi shiru har in samu takardar zama. Mama ma ta ce in yi haƙuri. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga yau ki daina sa hannu a kan abin da bai faru ba, da wannan zan fara dan nan ne tarkon yake. Ke kina ganin shirun nan shi ke tsare miki biza, alhali kullum da safe sunanki kike ɗorawa a kan ƙarya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar da aka zo bincike takarda za a buɗe, babbar taku za ta ce ita ƙarfe takwas ta tafi gida, wa ya kwana da shi? Wa ya rubuta lafiya lau? Dokar 2015 ta ce ma'aikacin kula da ya wulaƙanta ko ya yi sakaci da gangan da wanda ke hannunsa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. A Winterbourne View, wani asibitin masu irin wannan lalura kusa da Bristol, da BBC ta fallasa a 2011, mutum 11 aka samu da laifi, 6 suka tafi gidan yari, kuma duk ma'aikatan da ke tsaye a kan marasa lafiyan ne, ba masu kamfani ba. In DBS, hukumar da ke tantance ma'aikata, ta sa sunanki cikin waɗanda aka hana aikin kula, to ina bizar, ina takardar zaman da kawu ke jira?

Kar wani ya ce miki haka aikin yake. Maganin da ake bayarwa sai in buƙata ta taso yana da ƙa'ida a rubuce, yaushe za a ba da shi, nawa, me za a fara gwadawa kafin a kai gare shi, kuma duk ƙwaya ɗaya sai ta shiga takardar magani. Kulle baligi a ɗaki dan ma'aikata su huta kuwa ba kula ba ne. Abin da ya fi damuna ma ihun ne, wanda ba ya magana da me zai gaya miki haƙori na ciwo, ko kunne, ko ya kwana biyar bai yi bayan gida ba? Sai ihu, sai dukan kai, sai ƙin abinci. A ƙasar nan an sha rasa masu wannan lalura saboda cushewar ciki kawai, kuma binciken da hukumar lafiya ta NHS ke yi kan mace-macensu ya nuna suna rigan sauran jama'a mutuwa da kusan shekara 20, da yawa kan abin da magani zai iya. Likita yaron nan ke buƙata. Sannan ki duba tsarin kularsu, in an rubuta mutum biyu da dare to kuɗin mutum biyu ake biyan kamfanin, wani na cinye na ɗayan ke kuma an bar ki da rai shida, in ɗaya ya faɗi da farfaɗiya fa?

Ki cike fom ɗin rahoto kan tabon, ki nuna inda yake a zanen jiki, ki tura wa manaja ta imel dan ya zama akwai shaida. Ki samu littafinki na daban a gida kina rubuta rana da lokaci da abin da idonki ya gani, banda cikakken suna. Kar ki ɗauki hotonsa da wayarki, kar ki kwaso fayil ɗinsu, da wannan za su kore ki kuma su yi gaskiya. Sai ki kira sashen kare manya na kansul, wato ƙaramar hukumar garinku, kowa na iya kira, kuma dokar kula ta 2014 ta wajabta musu bincike. Ki kai wa CQC ma, hukumar da ke sa ido a kan gidajen kula, suna karɓa ko ba suna, duk da dai gidan mutum shida ba wuya a gane wa ya yi magana, gara ki sani. Na ce duka biyun ne dan a Winterbourne wani nas ya kai ƙara CQC ba a saurare shi ba, wani asibitin irinsa kuma, Whorlton Hall, sai da CQC ta ba shi shaidar mai kyau kafin asirinsa ya tonu a 2019. In kika ga ana dukan yaron ko ya ƙi farkawa, lambar gaggawa 999 kawai.

Maganar biza ba zan ɓoye miki ba. Dokar 1998 ta hana a kori ma'aikaci dan ya fallasa irin wannan, amma kotun ma'aikata ba ta riƙe miki biza, in aikin ya tafi yawanci kwana 60 Home Office, ma'aikatar cikin gida, ke bayarwa ki samu wani sifonsa, wato kamfanin da zai ɗauki nauyin bizarki. Dan haka neman sabon wuri yau za ki fara, amma kar ki jinkirta rahoton saboda shi. Tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula daga waje, ke da kike ciki da gogewa ana buƙatarki. Kuma shirun ma ba tabbas, daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 an ƙwace lasisin sifonsa sama da 470 a harkar kula, ma'aikata sama da 39,000 abin ya shafa. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago irin Unison, ki kira Protect, kyauta suke ba masu fallasa shawara.

Ejen ɗin nan kuwa kar ki kuskura ki neme shi. Na ga wadda ta kai wa nata ejen kukanta dan yana kiranta 'yata, kafin ta koma aiki manaja ya ji komai, tunda tare suke raba kuɗin. Na ga wadda tsoro ya sa ta sake biyan wani ya sayar mata da CoS na kamfanin da ko ofis ba shi da shi. Karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki dan a samo masa aiki haramun ne a dokar Birtaniya. Ki duba sunan kamfani da kanki a jerin masu lasisi a shafin gwamnati, ki karanta rahoton CQC a kansu, ki nema kai tsaye.

Kawu ya yi miki halacci, bashinsa bashi ne, ku rubuta nawa ne da nawa za ki dinga turawa duk wata, ki biya har ƙarshe. Amma da ya ce ba abin da ya kai ki ba ne, wallahi bai faɗi daidai ba, shi ne ainihin abin da ya kai ki, kula da bayin Allahn nan ake biyanki, kuɗin da ake turawa gida daga jikin yaron nan yake fitowa. Amana ce, kuma ba kawu za a tambaya ba. Mama kuma kar ki ja da ita, ba ta san dokar nan ba, tsoro take ji. Ki ce mata Mama sa hannun da nake yi zai iya kai ni kurkuku, ina neman wani wurin, wata biyu ko uku kuɗi zai ragu, ki sa ni a addu'a. In kin samu lambar rahoton daga kansul ki adana ta, ki sake rubuto min mu duba wasiƙar barin aikin tare kafin ki miƙa.