Tambaya da amsa: wane injin ɗaga mota zan kafa a garejin gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tahoua ne, ina da Hilux da wata tsohuwar Corolla, kuma ni nake yi musu ƙananan gyare-gyare da hannuna. Na gaji da kwanciya bisa kwali ƙarƙashin mota. Ina son in sayi injin ɗaga mota, wanda makanikai ke kira pon, in kafa a garejin gida. Rufin garejin mita 3 ne daga ƙasa, daɓen siminti ne, wutar gidan kuma ta gida ce mai layi ɗaya. An nuna mini wani na hannu mai ginshiƙi biyu da aka kawo daga Turai, da araha. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka biya kuɗin tukuna. Garejin da ka kwatanta ba zai karɓi wannan injin ba, kuma dalili na farko yana ƙarƙashin ƙafarka.

Pon mai ginshiƙi biyu ba ya tsayuwa da nauyin kansa. Kusoshin da aka dasa cikin kankare ne ke riƙe da shi. In mota ta hau sama, hannuwan injin na jan kowane ginshiƙi ya rusuna ciki, sai kusoshin gefen waje su riƙa ƙoƙarin ficewa daga ƙasa. Shi ya sa masu ƙera shi ke neman kankare na gaske, galibinsu santimita 15 zuwa 20, da ƙarfe a ciki, wanda ya kwana 28 bayan zubawa kafin a huda shi. Abin da muke kira daɓe a gidajenmu kuwa, sau da yawa 'yar shafa ce ta yatsa biyu ko uku bisa jar ƙasa. Na taɓa zuwa wani gareji a Yamai inda aka kafa pon a kan irin wannan. Da aka ɗora mota na durƙusa na duba gindin ginshiƙin: farantin ya ɗaga har ana iya zura wuƙa ƙarƙashinsa, simintin da ke kewaye da ƙusa ya yi tsagu kamar busasshen tabki. Mai wurin ya ce ai wata shida ke nan ana aiki lafiya. Ban shiga ƙarƙashin motar ba.

Don haka ka ɗauko injin huda, ka huda daɓenka wuri biyu ko uku, ka zura waya ka auna kaurinsa. In bai kai ba, fasawa za a yi a zuba sabo. Siminti ba zai yi maka wuya ba, ga masana'antar siminti ta Malbaza nan kusa da ku. Abin da za ka tsaya a kai shi ne magini: kada ya tsuga ruwa a kwaɓin don ya yi masa sauƙin zubawa, kuma a riƙa shayar da kankaren safe da yamma a makon farko, a rufe shi da buhuna. Ranar Tahoua na shanye ruwan kankare kafin ya kama jikinsa, sai ka ga sama ya yi kyau ciki kuwa gari.

Sai rufi. Lissafin ba shi da wuya. Don mutum ya miƙe tsaye ƙarƙashin mota, sai an ɗaga ta wajen mita 1.8. Hilux kanta tana da tsayin kusan mita 1.8, ban da ƙarfen ɗaukar kaya in ka sa mata. Ka ga an kai mita 3.6 ke nan ba a bar ko tazarar tafin hannu ba. Mita 4 ake so. A rufinka na mita 3, Hilux za ta tashi mita ɗaya da 'yan kai ne kawai kanta ya taɓa kwano, wato ka sayi doki ka ɗaure shi a akurkin kaji. Faɗin ma abin dubawa ne, domin ginshiƙan biyu na cin fiye da mita 3 daga waje zuwa waje, kuma kana bukatar hanyar wucewa ta bayansu.

Yanzu ga na hannun da aka nuna maka. Yawancin tsofaffin da ke fitowa daga garejojin Turai wutar layi uku suke ci, mai bolt 380, kai kuma 220 gare ka. Duba ɗan farantin da ke manne jikin motar lantarkin da ke tuƙa injin, a rubuce yake. Da yawa cikinsu kuma ba masu ɗagawa da man haidirolik ba ne, masu dogon zare ne: wani sandan ƙarfe mai zare na juyawa cikin ginshiƙi, wani noti na hawa da sauka a kansa ɗauke da motar. Notin nan yana cinyewa, ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gabarsa. In iskar hunturu ta kaɗo rairayi ya gauraya da giris, ya zama tamkar dutsen niƙa. Kafin ka samo sabon noti na injin da aka daina ƙerawa, sai ka zagaye kasuwar Katako ta Yamai sau uku ka dawo hannu rabbana. In na Amurka ne kuma, a kan hertz 60 aka gina motarsa, tamu wutar 50 ce, zai yi nawa ya riƙa zafi. Ni dai ba zan sayi pon na hannu ba sai na ga an kafa shi, an ɗaga mota a gabana, na ji ƙarar makullansa.

Makullan nan su ne ran injin da ke ɗagawa da man haidirolik. Sa'ad da mota ke hawa za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, wani harshen ƙarfe na faɗawa cikin haƙora a ginshiƙan biyu. In ka kai tsayin da kake so, sai ka sassauta motar ta zauna bisa makulli. Shi man haidirolik aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a barin rai a hannun tiyo. Amma ga wani abu da dillali ba zai faɗa maka ba: kafin ka sauke mota, dole ka ɗan ƙara ɗaga ta don makullin ya saki, wannan kuma sai da wuta. In NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, ta ɗauke kuran cikin zafin Afrilu alhali Hilux na sama, a can za ta yini. Motar injin galibi kilowat 2.2 ce, kuma a lokacin tashi tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita, saboda haka ƙaramin gurup, wato janareta, da ke juya fanka da talabijin ba zai tayar da ita ba. A ja mata waya mai kauri tata ita kaɗai daga kwanta.

To me za ka saya? Ya danganta da aikin da hannunka ke yi. In juyen mai ne, da birki, da taya, da ƙafafun mota, akwai ƙaramin pon mai almakashi wanda ke ɗaga mota kamar mita ɗaya. Yana shiga garejinka yadda yake, akwai na wutar 220, kuma nauyinsa shimfiɗe yake a ƙasa ba ya jan ƙusa. Nemi mai ɗaukar tan 3, ka tabbatar yana da tubalan da za su kai ga firam ɗin Hilux, don ita ba a ɗaga ta ta gefen jiki kamar Corolla. Aibinsa shi ne yana tare tsakiyar cikin mota, sauke giyabos ko canza kuloci zai ba ka wuya. Mai ginshiƙi huɗu ban ga amfaninsa gare ka ba: mota na zaune bisa tayoyinta, sai ka ƙara sayen wani kirik, wato jaki, kafin ka cire taya, ga cin wuri.

In kuwa zuciyarka na kan mai ginshiƙi biyu, fitar da shi tsakar gida. Zuba sabon kankare, kafa rumfar kwano mai tsayin mita 4, ka sayi sabo na mai, mai ɗaukar tan 4, na wutar layi ɗaya. Hilux tan biyu ce da ɗoriya, amma rarar tana da amfani ranar da maƙwabci zai turo maka Land Cruiser. Zuba masa man haidirolik mai lamba 46, ya fi jure zafinmu bisa mai lamba 32, kuma ka riƙa goge sandunan silinda kafin ka sauke mota, don ƙurar da ta manne musu ita ke cin roba har mai ya fara tsiyaya. Ranar da za ka cire abu mai nauyi kamar giyabos, tokare bayan motar da dogon jaki, domin nauyi na komawa gefe guda.

Ramin gyara irin na garejojin bakin hanya ya fi duka araha, na sani. Sai dai tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rami yake taruwa, damina kuma ta cika shi da ruwa. A gidan da yara ke guje-guje ba na ba da shawararsa.