Tambaya da Amsa: Haɗa ƙaramin tanki da hitar da ba ta tara ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hitar lantarki irin mai ɗumama ruwa nan take, marar tanki, mai kilowat 5.5, tana ba banɗaki da kicin. Idan mutum ya rufe shawa zai shafa sabulu ya sake buɗewa, sai mai zafi ya fara zubowa, mai sanyi ƙarara ya biyo baya, sannan ɗumin ya dawo. Da hunturu kuma ruwan ba ya yin zafi yadda ake so. Mai gyaran famfo ya ce in sayo tanki mai lita 15 a haɗa. Zai yi magani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ka kawo. Tankin zai kawar da ta farko, ta biyun kuwa sai dai ya rage ta.

Irin hitarka ba ta kamawa sai ta ji ruwa yana gudu a cikinta, galibi wajen lita 2 a minti. Kana rufe shawa take mutuwa. Da ka buɗe, ruwan da ya kwanta a bututu da sauran zafinsa shi ke fara iso ka. Na bayansa shi ne wanda ya ratsa hitar cikin 'yan daƙiƙun da take ƙoƙarin kamawa, shi ya sa ya zo da sanyinsa. Ba lalacewa ta yi ba, haka ƙirarta take. Idan aka sa tanki a hanya, wannan ɗan ruwan sanyin zai faɗa cikin lita 15 na ruwan zafi ya gauraye, mai wanka ba zai ma san an yi ba.

Sharaɗin shi ne tankin ya zauna bayan hitar, wato ruwa ya fito daga hita, ya shiga tanki, sannan ya wuce shawa. Kuma ya kasance mai nasa ƙarfen ɗumamawa da abin daidaita zafi. Tankin da ba shi da wuta zai huce cikin dare, da asuba sai ka tsaya kana zubar da ruwa kafin ɗumi ya iso, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Kafin ka sayi komai, a duba takardar hitar. Da yawa daga cikin ƙananan nan an ƙera su ne don shawa ɗaya tak, ta baya ake rufe musu ruwa, bakin fitarsu kuma dole ya zauna a buɗe. Irin wannan ba a sa mata tanki ko famfo a gaba, matsin ruwa na iya fasa ta. Tunda taka tana ba wuri biyu, a tabbatar mai jure matsi ce.

Batun hunturu kuwa lissafi ne. Kilowat ɗaya yana ɗaga zafin lita 14 na ruwa da digiri ɗaya a minti. A ce ruwan tankinka na sama ya kwana a iska ya sauko digiri 18, kai kuma kana son 40. Iyakar abin da kilowat 5.5 zai ba ka shi ne wajen lita 3 da rabi a minti, alhali shawa mai daɗi tana cin ninkin haka. Wannan ma idan wuta ta cika ke nan. Ranar da ta zo da rauni, daga bolt 230 ta sauko 180, ƙarfin hitar ya koma kusan kilowat 3.4. Abin da ke ɗaure wa mutane kai ke nan, ƙwai yana haske amma ruwa ya ƙi zafi.

Tankin lita 15 da ya kai digiri 60, in an sirka shi, zai ba da fiye da lita 25 na ruwan wanka, zai ma ɗan zarce haka tunda ruwan da ke shigarsa hita ta riga ta ɗumama. Ya isa mutum ɗaya ko biyu. In ya huce gaba ɗaya, ƙarfen kilowat 1.5 yana buƙatar kusan rabin awa. Don haka idan gidanka mai jama'a ne, yara 'yan makaranta suna layin wanka da sassafe, ni shawarata ka bar maganar lita 15, ka sa mai lita 50 ya tsaya da kansa. Yana riƙe zafi ko an ɗauke wuta, abin da hitarka ba za ta taɓa yi ba.

Akwai gwajin da nake so ka yi yau. Cire kan shawar, ka tara gorar lita ɗaya da rabi a bakin ruwan zafi. In ta wuce daƙiƙa 40 ba ta cika ba, gudun ruwan yana dab da inda hitar ke mutuwa. Ka kwance ɗan rariyar da ke mashigar ruwanta, sau da yawa za ka same ta cike da yashin rijiyar burtsatse. In ta fita tas amma ba canji, tankin sama ne bai yi tsayi ba, don sai da tsawon mita 10 ake samun bar ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. Wannan aikin ƙaramin injin tura ruwa ne, ba na tanki ba.

In za a haɗa, ka tsaya a kan mai aikin ya ɗaura bawul ɗin tsaro da ke zuwa da tankin, ya ja masa siririn tiyo zuwa magudana. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, ɗigar da za ka gani aikinsa ke nan, don Allah kada wani ya toshe shi. A bar zafin a digiri 60, domin ƙwayar cutar Legionella, mai kama huhu, tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Sai dai ruwa mai 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu, musamman ta yara da tsofaffi, saboda haka a sa bawul mai sirka ruwa da kansa bayan tankin. Hitar da tankin in sun kama tare suna jan wajen amfiya 30, don haka kowanne ya samu layinsa daga akwatin wuta, da wayar ƙasa, da bireka mai katse wuta in ta zurara, ta miliamfiya 30.